Tsakanin taya biyu da taya huɗu, Dirtsurfer za ka saya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaye ni wane allon wasan gangarowa daga tudu ya kamata ka saya. Tsakanin Dirtsurfer mai taya biyu a jere da allon tsauni mai taya huɗu, tunda gangarowa daga tudu ne burinka, Dirtsurfer za ka saya. Na mallaki dukansu biyu a nan Ingila. Dirtsurfer ɗin yana jingine a bayan ƙofata har gobe, ɗayan kuwa na rabu da shi da asara tun bai cika shekara a hannuna ba.

Dirtsurfer sunan kamfani ne, shi ya sa masu wasan suke kiran abin da allo mai taya a jere, amma a baki kowa Dirtsurfer yake cewa. Wani mutumin Fremantle da ke yammacin Ostareliya, Graeme Attey, shi ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1990. Tayoyinsa irin na ƙaramin keken wasa na BMX ne masu inci 20, ɗaya a gaba ɗaya a baya, mahayi kuma yana tsayawa a kaikaice a kan allon da ke tsakaninsu, ƙasa-ƙasa kusa da turɓaya. Babu sitiyari, babu abin riƙewa. Dabarar tana ga tayar gaba, wadda aka ɗaura a kan hannun ƙarfe mai juyawa daga gabanta, ta yadda tayar take bin bayan mahaɗarta kamar ƙafar amalanken babban kanti. Idan ka karkata jikinka sai ta bi ka, idan ka miƙe sai ta koma tsakiya da kanta, kuma gudu yana ƙara mata natsuwa kamar yadda keke yake yi.

Ranar da na gane amfanin wannan, a tuddan South Downs ne da ke kudancin Ingila, inda ciyawa take gajera saboda kiwon tumaki, zomaye kuma sun haƙe gefen tudun da ramuka. Ina cikin watana na biyu da fara hawa, na taho da gudun da ya fi ƙarfin gwanintata, sai na hangi bakin rami a gabana lokacin da babu sauran damar kaucewa. Na riga na sallama, har na ɗaga hannuwa ina shirin karɓar ƙasa. Tayar gaba ta faɗa, ta yi ƙara ɗaya ta haye, ta baya ta biyo ta, allon ya ɗan girgiza ya daidaita, ni kuma ina tsaye ban san yadda aka yi ba. Wani dattijo Bature da ke koya mini, wanda gashin kansa ya yi fari fat amma yake gangarowa kamar ruwa, yana jirana a gindin tudun yana dariya. Ya buɗe filas ya zuba mini shayi a murfi, ya ce da ƙananan tayoyi nake kai da yanzu ana tsince mini ciyawa daga haƙora. Ban yi masa musu ba, domin a wannan tudun allona na farko mai taya huɗu ya taɓa kifar da ni.

Abu na biyu shi ne birki, kuma a ganina shi kaɗai ya isa ya raba gardama ga wanda yake farawa. Birkin Dirtsurfer yana bayan ƙafarka ta baya, daidai sharaɓa. Idan ka jingina baya sai sharaɓarka ta danna shi, ya kama tayar baya. Duk wanda tsoro ya kama a gangare baya yake ja da jikinsa ko bai yi niyya ba, saboda haka abin da tsoro yake sa ka yi shi ne abin da zai tsayar da kai, hannuwanka biyu kuma suna sake don daidaita jiki. Abin lura kawai shi ne a jiƙaƙƙiyar ciyawa, wadda ba ta yankewa a ƙasar nan, idan ka danna da ƙarfi tayar baya za ta daina juyawa ta zame gefe. A hankali ake jingina.

Ba zan ɓoye maka wahalarsa ba. Ba ya tsayuwa da kansa, kuma a tafiyar hawainiya faɗuwa yake yi, don haka kwanakin farko za ka sha dirowa da tura shi kafin ƙafarka ta saba da tashi. Yana son fili mai faɗi kafin ya sha kwana, yana da nauyin turawa zuwa saman tudu, tsawonsa kuma yana sa shigar da shi ƙaramar mota ko jirgin ƙasa ya zama abin lissafi. Ni sati biyu na yi kafin na daina jin kunyar masu yawo da karnuka.

Allon tsauni mai taya huɗu yana da nasa mutanen, kuma sun fi namu yawa nesa ba kusa ba. Kamfanin MBS na Amurka ya fara ƙera shi a 1993, a Ingila ma kamfanonin noSno da Trampa sun ƙera shi, ana kuma yin gasar tsere da ta tsalle da shi. Idan alkafura a sama kake so, shi ne naka, kuma ranar farko za ka iya tsayawa a kansa. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Wanda na saya mai araha ne marar suna, tayoyinsa inci 8, ƙafafuna a ɗaure da maɗauri, babu birki sai wanda za a saya daban a riƙe a hannu, kuma da zarar gudu ya ƙaru sai ya kama karkarwa hagu da dama har ya yar da ni. Na san masu kyau ba haka suke ba, ana ɗaure musu sifirin su natsu, amma ban sake marmarin gwadawa ba.

Akwai kuma batun gyara. Taya da tib da sifoka da roban birki na Dirtsurfer duk kayan keke ne, kowane mai gyaran keke zai yi maka faci ko ya miƙe maka garen da ya lanƙwashe, ko da wata rana ka koma da shi gida. Masu hawansa ba su da yawa, amma ƙarancin nan ya sa suka riƙe juna. Mutum zai ba ka aron allonsa a ranar da ya fara ganinka, wani ya kwashe ku a mota ya mayar saman tudu, idan kuma ana hawan kwalta sai an ajiye mai tsaro a kowace kwana kafin kowa ya taso.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma dole in faɗa. Duk waɗanda na gani ana sayarwa a shekarun nan na hannu ne, kuma inda kaya ya yi wuya nan 'yan damfara suke kafa tarko. Wasu suna ɗauko hoton allon wani daga intanet su sa farashi mai daɗi, su ce mutum uku suna layi, ka tura kafin alƙalami a ajiye maka. Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ce a ɗauko maka sabon hoto da takarda mai ɗauke da kwanan wata a kan allon, in an fara kame-kame ka bar shi. Wasu kuma kayan na hannunsu da gaske, amma firam ɗin ya tsage a wajen walda sun shafe shi da fenti. Idan ka je, ka kifa allon ka bi kowace walda da fitilar wayarka, musamman kusa da mahaɗar tayar gaba, kuma ka yi zargin duk wurin da fentinsa ya fi na sauran sabunta. Ka ɗaga gaban ka kaɗa tayar hagu da dama: ya kamata ta juya sumul, ba ƙara, ba sassauci. Ka tura shi ka danna birkin da hannu ka ga ko yana kamawa. Taya da ta cinye ba komai ba ce, rage kuɗi kawai za ka nema, amma tsagaggen firam ko kyauta aka ba ka kada ka hau.

A cikin kuɗin da ka tanada ka fara cire na hular kwano mai rufe haɓa, da safar hannu mai kauri, da kariyar gwiwa da ta gwiwar hannu. Hular sabuwa za ka saya, domin wadda ta taɓa bugun ƙasa tana iya lalacewa ta ciki ba tare da an gani ba. Ka fara a tudun ciyawa mai sauƙi wanda gindinsa yake shimfiɗe babu shinge, kwalta kuma ka bar ta sai birkin ya zama jikinka. Idan ka samu wanda ya kwanta maka, turo mini hotunan waldar in duba kafin ka biya, in kuma wurin bai yi nisa ba ranar Asabar sai mu je tare.