Nofollow da dofollow: wanne za ka ba mai talla, wanne za ka nema wa shafinka?

Ɗan'uwa mai shafin labaran ƙwallo, na ga tambayarka, na kuma ga amsoshin da aka ba ka sun rabu gida biyu, shi ya sa na ce bari in zauna in jera maka abubuwan nan kafaɗa da kafaɗa. Ga waɗanda ba su gani ba: wani kamfani ne ya tuntuɓe shi, za su biya shi ya ɗora musu rubutu mai ɗauke da mahaɗi (wato link) zuwa shafinsu, da sharaɗin mahaɗin ya kasance dofollow. Sannan wani ya ce masa duk mahaɗin nofollow da yake samu daga Facebook ko Wikipedia wahalar banza ce. Yana son ya san bambancin, da yadda Google ke ɗaukar kowanne.

A idon mai karatu babu bambanci ko na sisin kwabo. Launi ɗaya ne, ya danna ya tafi inda aka tura shi. Bambancin yana can cikin rubutun HTML, inda injin bincike ke karantawa. Ga mahaɗi na yau da kullum:

<a href="https://example.com">karanta a nan</a>

Ga kuma na nofollow:

<a href="https://example.com" rel="nofollow">karanta a nan</a>

Ƙarin ke nan kawai. Na farkon shi ake kira dofollow, amma babu wata alama mai wannan suna a HTML. Duk mahaɗin da ba a sa masa komai ba, shi ne. Wanda ya rubuta rel="dofollow" a shafinsa bai ƙara komai ba, injin zai tsallake ta ya wuce.

To me ya sa ake zuba kuɗi a kan ɗan wannan ƙari? Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a jami'ar Stanford suka gina Google a kan tunani guda: shafin da shafuka masu daraja ke nuni zuwa gare shi, shi ma yana da daraja. Lissafin nan shi ne PageRank, kuma a cikinsa kowane mahaɗi yana ɗaukar wani kaso na ƙimar shafin da ya fito daga ciki ya kai wa wanda aka nuna. Ka ɗauka baƙo ya tambaye ka shagon wani a kasuwa. Kana iya ce masa, "Je ka, mutumin kirki ne, na tsaya masa." Kana kuma iya nuna masa layin ka ce, "Ga shi can, amma ban san halinsa ba." Duka biyun baƙo zai isa shagon, sai dai a na farko ne kawai ka sa mutuncinka a ciki. Dofollow shi ne na farko, nofollow na biyu.

Da mutane suka gane mahaɗi na ɗaga shafi, sai masu tallan caca da magunguna suka far wa duk inda aka bar ƙofa a buɗe, musamman wuraren sharhi. Da manhaja suke watsa dubban saƙonni, kowanne da mahaɗinsa. A watan Janairu na 2005 Google ya fito da nofollow domin a kashe musu kasuwa, Yahoo da MSN suka mara masa baya, WordPress, manhajar gina shafuka, kuma ya fara sa alamar da kansa a kan duk mahaɗin da mai sharhi ya bari. Wikipedia ta Ingilishi ta bi sahu a 2007, ta sa wa duk mahaɗan da ke fita waje. Tun asali ke nan, an yi alamar ne domin mahaɗin da ba kai ka zaɓe shi ba. Daga baya aka haɗa da mahaɗin da aka biya kuɗi a kansa.

Yanzu ga kwatancin. Ta fuskar ƙima, dofollow na isar da ita, gwargwadon darajar shafin da ya ba ka da kuma dangantakarsa da abin da kake rubutu a kai. Mahaɗi ɗaya daga babbar jarida da ta ambaci rahotonka ya fi ɗari daga shafukan da babu mai karanta su. Shi kuwa nofollow, daga 2005 zuwa 2019 umarni ne: Google ba ya ƙirga shi sam. A ranar 10 ga Satumba, 2019 aka sauya. Google ya ce daga lokacin zai riƙa ɗaukarsa a matsayin shawara, wato yana iya ƙirgawa in ya ga dama, yana iya watsarwa. Wasu sun ɗauki wannan magana sun yi gaba da ita, suna cewa ai yanzu duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Har yau bayanin Google shi ne galibi ba ya ƙirga irin waɗannan mahaɗai, kuma ba ya gaya wa kowa wanne ya ƙirga. Kada ka yi lissafi da su wajen hawa sama a sakamakon bincike. In sun taimaka, gyara ce.

Ta fuskar bin sawu kuwa, nan ne mutane suka fi ruɗewa. Googlebot, manhajar Google mai zagaya shafuka, yana gano sababbin shafuka ne ta hanyar bin mahaɗai. Dofollow zai bi. Nofollow a da ba ya bi, amma daga 1 ga Maris, 2020 nan ma ya koma shawara. Kuma ko a da can, nofollow bai taɓa ɓoye shafi daga Google ba, domin in wani wuri daban ya nuna shafin, ko yana cikin taswirar shafinka (sitemap, jerin adireshin shafukanka), za a same shi. Wanda ke son shafi kada ya fito a bincike, noindex zai sa a kan shafin kansa. Na sha ganin masu shafuka sun sa nofollow a mahaɗin da ke kaiwa ga wani shafi na sirri suna ganin sun kulle ƙofa. Ba su kulle ba.

Ta fuskar mutane, biyun daidai suke, kuma a nan nake ganin wanda ya ce maka wahalar banza ce bai yi maka adalci ba. Ka duba alƙaluman shafinka da kyau. Mu masu rubutu da Hausa, mafi yawan masu karatunmu daga Facebook da WhatsApp suke shigowa, ba daga akwatin bincike ba. Mahaɗan manyan kafofin sada zumunta galibi nofollow ne, na cikin hirar WhatsApp kuwa Google ba ya ma ganinsu, amma su ke kawo mutumin da ke karantawa, ya ga talla, ya tura wa abokinsa. Sannan a cikin masu karatun nan akwai ɗan jarida, akwai mai shafi irinka. Wanda ya ci karo da rubutunka a matsayin madogara a ƙasan wata maƙala ta Wikipedia, gobe shi ne zai ambace ka a nasa shafin da mahaɗi na yau da kullum, ba tare da ka roƙe shi ba. Dofollow mai kyau sau da yawa ta wannan hanya yake zuwa.

Inda biyun suka yi hannun riga sosai shi ne haɗari. Nofollow ba ya jawo wa kowa hukunci. Dofollow da aka saya da kuɗi kuwa saɓa dokar Google ne kai tsaye, kuma dokar ta hau kan mai saye da mai sayarwa. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda dubban mahaɗan saye suka ɗora kantin J.C. Penney na Amurka a saman sakamakon bincike, Google ya sauko da shi ƙasa. A 2013 kamfanin furanni na Interflora a Birtaniya ya ɓace daga bincike na wasu kwanaki, har da neman sunansa, bayan tallace-tallacen da ya biya aka buga masa kamar labarai, kuma jaridun da suka karɓi kuɗin su ma an rage musu ƙima. Ka lura da wannan na ƙarshe, domin kai a kujerar jaridun kake zaune. Google ya taɓa hukunta kansa ma: a Janairun 2012 ya saukar da shafin Chrome na aƙalla kwana 60 saboda wani kamfen na rubuce-rubucen biya da aka samu mahaɗi mai isar da ƙima a ciki. A watan Afrilu na shekarar ne kuma aka saki Penguin, tsarin da ke farautar mahaɗan bogi. Tun 2016 Penguin ya fi karkata ga zubar da ƙimar mahaɗin maimakon dukan shafin gaba ɗaya, a Disambar 2022 kuma aka sa wani tsarin Google mai suna SpamBrain ya riƙa gano shafukan da ke saye da waɗanda ke sayarwa. Ma'ana ko ba a hukunta kowa ba, mai saye na iya biyan kuɗi a kan mahaɗin da Google ya riga ya mayar sifili.

Saboda haka amsata kan kamfanin nan a fili take. Ba shafin ƙwallonka suke so ba, ba kuma masu karatunka ba. Da su suke so, da nofollow ya ishe su, tunda mai karatu zai danna ko ta yaya. Sunan da ka ɗauki shekaru kana ginawa a wurin Google suke son su ara. Talla halal ce a dokar Google, abin da aka hana shi ne a ɓoye ta. Ka karɓi talla, ka rubuta a saman rubutun cewa talla ce domin mai karatu ya sani, ka sa wa mahaɗin alamar da ta dace. Wani abu kuma da ba na fasaha ba: yawancin masu aiko wa shafukan ƙwallo irin wannan saƙo kamfanonin caca ne. In nasu ne, kafin maganar dofollow akwai maganar ko kana son ka tura yaran da ke karanta ka zuwa can. Ni dai ba zan yi ba, ko da wace alama.

Alamar da ta dace ɗin, tun 2019 ta zama iri uku. Akwai rel="sponsored" domin duk abin da kuɗi ko kyauta ya shiga ciki: rubutun biya, tallan gefe, da mahaɗan kamasho irin na Jumia ko Amazon da ake ba ka kaso in an saya ta hannunka. Akwai rel="ugc" domin abin da baƙi suka rubuta, kamar sharhi; WordPress na sa wannan da kansa tun fitowar 5.3. Sai nofollow ɗin kansa, domin mahaɗin da ka sa da hannunka amma ba ka tsaya masa ba, misali kana ƙaryata wani labarin bogi kuma dole ka nuna inda ya fito. Ana iya haɗa biyu, kamar rel="nofollow sponsored". Tsofaffin tallace-tallacen da ka riga ka sa wa nofollow ba sai ka koma ka canza su ba, Google ya ce sun wadatar.

Kada kuma tsoro ya kai ka ɗaya ɓangaren. Akwai masu sa nofollow a kan duk mahaɗin da ya fita daga shafinsu wai don kada ƙima ta zube. Wannan dabara ta mutu tuntuni. A 2009 Matt Cutts, wanda ke jagorantar sashen yaƙi da shafukan bogi a Google a lokacin, ya bayyana lissafin: in shafi na da maki goma da mahaɗai goma, biyar a ciki nofollow, a da sauran biyar ɗin kan raba goman, kowanne ya samu biyu. Bayan sauyin kowanne ɗaya yake samu, rabon biyar ɗin nan kuma ya tafi a iska. Ba ka adana komai ba. In ka ɗauko labari daga BBC Hausa ko Aminiya, ko daga ƙaramin shafin wani ɗan'uwa da ya sha wahala ya haɗa rahoto, ka ba shi mahaɗi na yau da kullum, haƙƙinsa ne. Shafukan Hausa ba su da yawa, kuma in kowa ya riƙe hannunsa babu mai ɗagawa. Mahaɗan cikin gida kuwa, daga wani rubutunka zuwa wani, kada ka sa musu nofollow.

Haka nan ka yi hattara da masu tallan "dofollow dubu a kan 'yan kuɗi kaɗan, daga shafuka masu DA 90". DA ma'aunin ƙarfin shafi ne na kamfanin Moz, akwai kuma irinsa mai suna DR na kamfanin Ahrefs. Google ba ya amfani da ko ɗaya, shi nasa ma'aunin, wato PageRank, ya daina nuna wa jama'a tun 2016.

Duba mahaɗi ba wuya. A kwamfuta ka ɗora kibiya a kansa, ka danna dama, ka zaɓi Inspect, ka nemi rel a layin da ya haskaka. In ka ga noopener ko noreferrer kada su dame ka, na tsaro ne da sirri idan mahaɗi zai buɗe a sabon shafi, ba su hana ƙima wucewa. Wajen sakawa, Blogger na da ɗan akwatin nofollow da za ka yi wa maki a inda kake liƙa adireshi, a WordPress kuma ƙarin manhajojin Yoast da Rank Math na ba ka zaɓin nofollow da sponsored.

In ka taɓa sayar da dofollow a baya, ka buɗe Search Console, dandalin Google na masu shafuka, ka duba sashen Manual actions, inda ake sanar da hukunci. In babu komai, ka koma kan rubuce-rubucen ka sa musu sponsored tun kafin a zo. In akwai sanarwa, ka gyara su duka ko ka cire, sannan ka tura buƙatar a sake duba shafin tare da bayanin abin da ka gyara. Su kuma kamfanin, ka rubuta musu cewa kana karɓar talla da alamar sponsored, ga adadin masu karatunka a wata, ga farashi. In masu karatu suke nema za su amsa.