Awara ko Garin Soyayyen Waken Suya?

Mata a Sakkwato suna yawan tambayata wanne ya fi: awara, wadda muke kira ƙwai-da-ƙwai, ko garin soyayyen waken suya. Tafasa madarar waken ce ke warware furotin ɗinsa, wato sinadarin gina jiki, har ya dunƙule idan an zuba ruwan tsami, shi ya sa awara take da sauƙin narkewa a ciki, sai dai tana cin itace, kuma a zafin Afrilu da wuya ta kwana lafiya. Suya kuwa tana rage narkewar furotin a ruwa, kuma idan waken ya ƙone amfaninsa yana raguwa, amma garin yana yin makonni a rufe. Awara ta dace da mai sana'ar kullum. Gari kuwa ya fi dacewa da uwa mai dama wa yaro kunu.