Manhajar ƙiyasta damar shiga jami'a a Amurka: lissafinta da na mutum ba ɗaya ba ne

Kamfanoni da yawa a Amurka suna sayar wa iyaye abu guda: ka zuba makin ɗanka a shafinsu, su gaya maka kashi nawa cikin ɗari ce damarsa ta samun gurbi a jami'a kaza. Na yi rajista da ɗaya daga cikinsu saboda yarinyata da ke aji 11 (sakandaren Amurka daga aji 9 zuwa 12 take). Ba sai na kama suna ba, duk kanwar ja ce. Abu biyu suka haɗa a kuɗin: manhaja mai lissafi, da zama ɗaya ta bidiyo da wata mai ba da shawara da ta taɓa aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai. Na biyun ne ya ci kuɗinsa.

Manhajar abu uku take tambaya. Na farko GPA, wato matsakaicin makin darussan sakandare. Na biyu makin jarrabawar neman shiga jami'a, wato SAT, wanda ƙarshensa 1600 ne, ko ACT mai ƙarewa a 36. Na uku yawan darussan AP, masu nauyin matakin jami'a, da ɗalibi ya ɗauka. Kana cikewa sai ta raba maka jami'o'i gida uku: waɗanda kusan tabbas ne, waɗanda ana iya dacewa, da waɗanda sai an yi sa'a. Nan kam ta yi amfani. Yarinyar ta zo da jerin da duk manyan sunaye ne, manhajar ta nuna mata cewa Harvard ƙasa da kashi 4 cikin 100 na masu nema ta ɗauka a 2024, kuma cikin waɗanda ta mayar akwai masu makin da ba a samun sama da shi. Da ni na faɗa mata, musu za mu yi.

Inda ta gaza kuwa shi ne wajen nauyin darussa, alhali nan ne zuciyar maganar. Ƙirga AP kawai take yi. Makarantar yarinyata kaɗan take koyarwa, kuma kusan duka ta ɗauka. Manhajar ta jera ta da yaron da makarantarsa ke da fiye da ashirin ya zaɓi shida masu sauƙi, ta ce shi ne gaba. Jami'o'i ba haka suke karantawa ba. Kowace sakandare tana aika takardar bayanin kanta tare da sakamakon ɗalibi, a ciki akwai darussan da take da su da yadda take ba da maki, kuma da wannan ake auna yaro: me aka ajiye a gabansa, me ya ɗauka.

Akwai kuma ruɗanin GPA. Wata makaranta ma'auninta 4.0 ne, wata tana ƙara maki kan darussa masu nauyi har ya kai 5.0. Gurbi ɗaya manhajar ta bayar, ba ta tambayi wanne kake nufi ba. Sannan na gwada wani abu da gangan: na ƙara makin SAT a kan wani reshe na Jami'ar Kalifoniya, sai kason ya hau. Ai jami'ar ta daina duba SAT da ACT wajen ɗaukar ɗalibai tun 2021, GPA ɗin ma da kanta take sake lissafa shi daga darussan aji 10 da 11. Daga nan na daina yarda da alƙaluman.

Matar da muka zauna da ita ko kallon kason ba ta yi ba. Cikakkiyar takardar sakamako ta nema, da takardar bayanin makarantar. Ta bi shekara bayan shekara, ta ce B ɗin (makin da ke bin A, mafi girma) da yarinyar ta samu a aji 9 ba abin damuwa ba ne tunda makin hawa yake yi, wanda ke sauka a aji 11 shi ake tsoro. Da ta ji injiniyanci take so, sai ta tsaya a kan lissafin aji 12. Yarinyar ta yi niyyar ɗaukar darasin ƙididdiga don ta tsare A ɗinta, matar ta ce ta ɗauki kalkulas, wato lissafi mai zurfi, ko da B za ta samu, domin mai karanta takardar ɗalibar injiniyanci shi zai fara nema da ido. Ta kuma ja mata kunne kada ta cika jadawalinta da darussa masu nauyi har makin ya zube gaba ɗaya.

Abin da ya fi min amfani ma kyauta ne, ita ce dai ta nuna mana shi. Yawancin jami'o'in Amurka suna wallafa wani rahoto duk shekara mai suna Common Data Set. A sashen C7 jami'a tana faɗi da bakinta matsayin kowane abu a wurinta, daga nauyin darussa da GPA zuwa makin jarrabawa da rubutun ɗalibi da wasiƙun malamai: mai matuƙar muhimmanci ne, mai muhimmanci ne, ana dai dubawa, ko ba a dubawa sam. Sashen C9 kuma yana nuna iyakokin makin SAT da ACT da rabin ɗaliban da suka shiga, na tsakiya, suka faɗa a ciki. Ta gargaɗe mu cewa a jami'ar da tura maki ba dole ba ne, wannan adadi yakan kumbura, don masu babban maki ne suka fi turawa.

Kan batun jarrabawar, shawararta ita ce yarinyar ta sake zama. Jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin tura makin jarrabawar tun 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka biyo baya a 2024. Dartmouth ma ta bayyana cewa ɗalibai daga makarantun marasa ƙarfi suna ɓoye makin da, da sun tura shi, zai taimake su, saboda ana karanta shi ne daidai da inda suka fito. Wannan ya shafi yarinyata kai tsaye, manhajar kuwa shawarar ɓoyewa ta ba ta.

Abin da ya ɓata min rai shi ne talla. Tun ba mu rufe bidiyon ba saƙonni suka fara shigowa, a sayi kunshin gyaran rubutu, a sayi na shirin jarrabawa, kowanne da barazanar lokaci na ƙurewa.

Idan mai ba da shawara na makarantar ɗanka yana da lokacin zama da ku, je ka wurinsa da C7 da C9 na jami'o'in da kuke so, ba ka buƙatar wannan kamfani. Namu ɗalibai ɗaruruwa ne a kansa, shi ya sa na biya. Wanda ke cikin irin halinmu ya tambaya ko za su sayar masa da zaman shi kaɗai, kuma ya yi shi kafin yaro ya zaɓi darussan aji 12, don bayan nan babu sauran abin da za a iya canzawa a takardar.