Gidan tarihin soja na Kumasi Fort: ya dace a je, amma a shirya tukuna

Mai son ganin sawun Yaƙin Duniya na Biyu a Kumasi, wurin zuwansa shi ne gidan tarihin sojojin Gana da ke cikin Kumasi Fort, gefen Adum. Daga Kejetia ma ana iya takawa. Ingilishi ne suka gina sansanin a 1897, a nan kuma mayaƙan Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci yaƙin Asante da Ingilishi, suka yi wa gwamnan Ingilishi Hodgson ƙawanya a 1900. A farkon shekarun 1950 aka mayar da shi gidan tarihi.

Tsarin ziyarar ba wuya: a biya kuɗin shiga a ƙofa, a haɗa ka da ɗan jagora, ya zaga da kai ɗaki-ɗaki. Ware awa ɗaya da rabi. Wurin soja ne, don haka a nemi izini kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto.

Ƙarfin gidan yana ga ganimar yaƙi: bindigogi, takubba da tutocin da sojojin Gwalkwas (Gana ta yanzu) suka ƙwato daga hannun Italiyawa a Gabashin Afirka da Japanawa a Bama, ga lambobin yabo da tsofaffin hotuna. A tsakar gida akwai igwa da motocin sulke, kuma nan yara suka fi maƙalewa. Sai dai ƙarfe ba ya magana. Bayanan da ke jikin kayan da Turanci suke, gajeru ne, wanda ya shigo bai san komai ba zai fita da "na ga bindigogi" kawai.

Ga abin da ya kamata a riƙe a ka. Yaƙin ya gudana daga 1939 zuwa 1945, Jamus da Italiya da Japan a ɓangare guda, Birtaniya da Tarayyar Sobiyat da Amurka a ɗaya ɓangaren. Mutanenmu fage biyu suka shiga. Na farko Gabashin Afirka: sun buga da Italiyawa a El Wak, kan iyakar Kenya da Somaliya, cikin Disambar 1940, suka ƙetare kogin Juba a Fabrairun 1941, sannan suka yi kusan mako uku suna gwabzawa a dajin Wadara na kudancin Habasha. Sunan barikin Uaddara na nan Kumasi daga can ya samo asali, haka filin wasa na El Wak a Akra. Fage na biyu Bama, ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. A kwarin Kaladan babu hanyar mota ta kirki, jirgin sama ke jefo abinci da harsashi, 'yan dako su ɗauka a ka, ga zazzaɓin cizon sauro da atini suna kayar da maza. An karɓi garin Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945.

Abin da ya fi shafar mutanen Zango, kuma kayan da aka jera ba su nuna shi sosai, shi ne cewa Hausa ce yaren bariki a wancan zamani. Yawancin 'yan sahu daga Arewa da maƙwabtan ƙasashe aka ɗebo su, tushen rundunar ma dakarun Hausawa ne na ƙarni na 19. Ka tambayi ɗan jagora wannan kai tsaye. Ka kuma tambaye shi abin da ya biyo baya, wato 28 ga Fabrairu 1948, ranar da aka harbe Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a Akra suna tattakin neman haƙƙinsu na tsofaffin sojoji.

Malaman makaranta da za su kawo ɗalibai su raba su kashi-kashi, kamar goma-goma, domin ɗakunan ba su da faɗi, na baya ba ya jin bayani. A zo da safe kafin rana ta buɗe, a riƙo ruwan sha. In akwai dattijo a tafiyar, a sa wani ya riƙa fassara masa, kuma a ce wa ɗan jagora ya fara da ɗakunan Habasha da Bama kafin gajiya ta zo.