Tarkon dattin da muka ɗaura wa famfon bakyum ɗinmu, ga yadda na same shi

Masu tambayata kan tarkon nan da ake sawa a bakin famfon zuƙe iska, wato bakyum, to ga abin da na gani bayan mun jima muna aiki da shi. Famfon namu irin mai fikafikai ne da ke juyawa cikin mai, aikinsa jan tururi da gas daga injin narka roba kafin robar ta fito. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san abin da ake ja ba iska ce zalla ba, akwai danshi akwai ƙura, ga wani hayaƙi mai maiƙo wanda da ya huce sai ya koma danƙo ya manne duk inda ya samu.

Kafin tarkon wlh mun sha fama. Ka zuba sabon mai garau, ba a jima ba ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara saboda ruwan da ya shiga, daga nan ya yi duhu ya yi kauri. Fikafikan da ya kamata su riƙa shiga da fita cikin ramukansu sai su maƙale, geji da in ka rufe bakin famfon ya kamata ya sauka ƙasa da milibar 1 (milibar ma'aunin matsin iska ne) sai ya tsaya can sama ya ƙi motsi, filtar hayaƙi ta toshe, wutar da famfon ke ja ta ƙaru, da safe kuma in famfon ya yi sanyi danƙon ya daskare ka kunna shi ya yi gurnani ya yanke wuta.

Shi tarkon tukunya ce ta ƙarfen da baya tsatsa. A ƙasa iska tana rage gudu ta canza hanya, ta bi ta jikin wani naɗaɗɗen bututu da ruwan sanyi ke zagayawa ciki, nan tururin ke komawa ruwa ya zuba ƙasa. A sama akwai filtar foliyesta mai maikiron 5, wato ƙanƙantar ramukanta, da ke tare ƙura. Na ji daɗi da ba ta takarda suka sa ba, don ta takarda in ta sha danshi ta gama yawo.

Ya yi aiki? Ya yi gaskiya. Mai yana daɗewa da kalarsa sosai fiye da da, kuma ranar da muka buɗe famfon don sabis na tura fiffike ɗaya da yatsa ya zame ya dawo ba gardama, a da kuwa sai an jiƙa an kankare kafin ya fito. Abin da muke zubarwa daga gindin tukunyar ma kaɗai ya isa shaida, ruwa a ƙasa, wani kitse-kitse mai wari yana yawo a samansa, da ba tarkon duk cikin famfon zai ƙare.

Amma akwai inda suka ban haushi. Bawul ɗin zubar da dattin guda ɗaya suka sa, ai kuwa ba dama ka buɗe shi famfo na aiki, maimakon datti ya fita iska ce za ta ruga ciki ta kwashi abin da ya taru ta kai maka shi famfo. Dole sai ka tsayar da aiki, ko ka yi abin da muka yi, ka ƙara ƙaramar tukunya a ƙasa da bawul sama da ƙasa. Robar murfin ma ta naitiril ce, hayaƙin ya kumbura ta har ta fara shan iska, sai da muka canza da ta Viton aka zauna lafiya. Gilashin leƙawa kuma ya dushe da wuri, yanzu sai da tocila. Sannan ba gejin da zai nuna maka filta ta toshe, mu muka sa ɗaya kafin tarkon ɗaya bayansa, in tazararsu ta fara buɗewa mun san lokacin canji ya yi.

Abin da na fi so mutane su gane shi ne tarkon baya kama komai, kuma ba zai taɓa kamawa ba. A milibar 23 ruwa a digiri 20 yake tafasa, kenan in ruwan sanyinka bai yi sanyi da kyau ba tururin wucewa zai yi abinsa, sai ya shiga famfo an matse shi sannan ya koma ruwa cikin mai. Maganin wannan tun 1935 Wolfgang Gaede ya kawo shi, gas balas, ɗan bawul ɗin nan da ke shigar da iska kaɗan wajen matsewa don tururin ya fita kafin ya zama ruwa. Yara da yawa rufe shi suke wai yana ƙara ƙara kuma yana rage jan famfo. Eh yana ragewa kaɗan, to sai me? Mu yanzu ƙa'ida ce, a kunna famfo baki a rufe balas a buɗe kamar minti 30 ya ɗau zafi kafin a haɗa shi da layi, in an tashi aiki ma a bar shi haka ya kore abin da ya sha kafin a kashe. Makon da wani shif ya yi sakaci da wannan, da tarkon da komai mai ya sake yin fari.

In ƙura busasshiya kawai kake ja kar ka wahalar da kanka, filta ta yau da kullum ta ishe ka. In kuma akwai asid a abin da kake ja to wannan bai isa ba, sai ka duba irin man da kake zubawa ko ma famfo marar mai da ake hura wa naitirojin. Mai fama da danshi da danƙo irin namu dai ya saya, amma tun wajen oda ya ce a sa masa robar Viton da bawul biyu.