Sharhi kan Player's Handbook na 2024: ƙarfin littafin yana shafukansa na ƙarshe

Wanda ya fara zama kusa da masu wasan Dungeons & Dragons zai ɗauka zaurance suke yi. Ɗaya ya ce "AC nawa?", mai jan wasa ya ce "sha biyar", a jefa ƙwaya, a ce "sha bakwai, ya shiga, 2d6 da uku." An sari dodo ke nan, baƙo kuwa ko kalma ɗaya bai kama ba. Ba burga ba ce. Wasan na baki ne: mutum huɗu ko biyar a kewaye da tebur, kowa da jarumin da yake magana da yawunsa, mai jan wasa yana bayyana duniyar da abin da ke cikinta, ƙwayoyin jifa irin na ludo suna raba gardama. In babu gajerun kalmomin da kowa ya yarda da ma'anarsu, faɗan da a cikin labari bai wuce daƙiƙa 18 ba sai ya cinye yammaci guda.

Da wannan ma'auni muka auna sabon Player's Handbook, littafin dokokin wasan na 'yan wasa, da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a watan Satumba na 2024, shekara 50 bayan Gary Gygax da Dave Arneson sun fito da wasan a 1974. Littafi ne mai bango mai kauri, shafi 384, da Turanci, farashinsa a Amurka dala 49.99. Akwai azuzuwan jarumai 12, wato ire-irensu kamar mayaƙi da boka, kowanne da rassa huɗu, da jinsunan halittu 10, da sihirce-sihirce kusan 400. Ba ya zuwa da ƙwayoyi. Sai an sayi saitin nan mai guda bakwai daban. Zane-zanen suna da kyau, rubutun ya fi na bugun 2014 girma, ba sai an matse ido ba. Wannan duk ado ne. Abin da ya sa littafin ya cancanci kuɗinsa shi ne ƙamus ɗin dokoki da aka sa a ƙarshe, jere bisa haruffa.

A bugun 2014, in gardama ta tashi kan yadda ake kama abokin gaba a riƙe shi, sai a buɗe babin faɗa, a koma rataye a bayan littafin don a ga me kamun yake haifarwa, wasa ya tsaya cik, shayi ya huce. Yanzu kalmar tana wuri ɗaya da dokarta. Sannan duk kalmar da take ɗauke da doka an fara ta da babban harafi a ko'ina cikin littafin. Ƙaramin abu ne a ido, amma shi ke gaya wa mai karatu cewa nan ba Turancin yau da kullum ake yi ba, je ka duba baya.

Ga yadda abin yake aiki a tebur. Ɗauki mayaƙi a matakin farko, ƙarfinsa 16, wato ƙarin +3, ƙwarewarsa +2, jimilla +5. Yana riƙe da ƙatuwar guduma da littafin ke kira Maul. Abokin gaba yana da AC 15, ma'ana sai jifa da ƙari sun kai 15 kafin sara ya ratsa sulkensa. Mayaƙin yana buƙatar 10 ko sama a ƙwaya mai fuska 20, damarsa kashi 55 cikin 100. In ya same shi, ɓarnar 2d6+3 ce: ƙwaya biyu masu fuska shida, a haɗa, a ƙara uku. Gudumar tana da siffar da ake ce wa Topple, don haka wanda aka maka zai yi jifan kare kai da juriyar jikinsa, yana neman 13, wato 8 a haɗa da 3 na ƙarfin mayaƙin da 2 na ƙwarewarsa. In ya kasa, ya zama Prone, yana ƙasa warwas. Daga nan duk wanda ke tsaye cikin ƙafa 5 da shi yana da Advantage: ya jefa ƙwaya biyu ya ɗauki babbar. Wancan kashi 55 ya haura kusan 80. Shi kuma maharbin da ke can nesa da kwari da baka, faɗuwar nan cutarsa ta yi, don shi Disadvantage ya samu, ƙaramar zai ɗauka, damarsa ta faɗo kusan kashi 30 in ƙarinsa ɗaya da na mayaƙin. Duk wannan dogon bayani, waɗanda suka san kalmomin a numfashi ɗaya suke faɗarsa: "Topple, ya kasa, Prone ne." Maharbin ya ji, ya san ya sauya wanda zai harba, ba tare da kowa ya buɗe littafi ba.

Advantage ita ce kalmar da ta fi kowace biyan kuɗin haddace ta. Ta maye gurbin tarin ƙananan lissafi na +2 nan, -4 can da tsofaffin bugu suka sha fama da su, kuma dokarta gajera ce: ba ta taruwa, ko dalili uku ne ya ba ka ita ƙwaya biyu za ka jefa, kuma in Disadvantage ko ɗaya ta shigo sai su soke juna a koma ƙwaya ɗaya. Sababbin 'yan wasa a nan suke yawan kuskure, su ƙirga uku a wannan gefe, ɗaya a wancan, su ce saura biyu. Babu saura. Tsofaffin hannu da suka yi zamanin THAC0, tsohon tsarin lissafin ko sara ya shiga, a bugun 1989, lokacin da ƙaramar lambar sulke ita ce mai kyau har ta kan gangara ƙasa da sifili, su suka san darajar wannan sauƙi.

Sabon bugun ya ƙirƙiro D20 Test, suna ɗaya da ya rufe jifa iri uku: na gwada iyawa, na kai hari, da na kare kai. Amfaninsa yana fitowa fili a dokar gajiya. A da jadawali ne mai hawa shida, kowane hawa da irin hukuncinsa, ba mai iya riƙe shi a ka. Yanzu layi biyu ne: kowane mataki na gajiya yana rage 2 daga kowane D20 Test, ya rage ƙafa 5 daga saurin tafiya, a mataki na shida jarumi ya mutu. An kuma dawo da Bloodied daga bugu na huɗu, wato wanda jininsa, lambar da ke raguwa in an yi masa ɓarna, ya koma rabi ko ƙasa da haka. Mai jan wasa zai iya cewa dodon ya kai nan ba tare da ya tona ainihin lambar ba.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa ƙuda. Mafi muni shi ne ɓuya. Dokar ta ce in jarumi yana bayan abin da ya kare shi sosai, ko cikin duhu, ba ya layin idon abokan gaba, ya yi jifan sanɗa ya kai 15, to ya shiga halin Invisible. Wannan kalma ita ce kuma ake ba wanda ya sha sihirin ɓacewa, irin mai layar zana. Sai ɗan wasa ya laɓe bayan buhunan hatsi, ya ci jifansa, ya ce tunda littafi ya kira shi marar ganuwa zai ratsa tsakar gidan sarki da rana tsaka dogarai na kallo. Abin da aka nufa a bayyane yake: ɓuyan yana ƙarewa in ya yi ƙara fiye da raɗa, ko ya kai hari, ko ya furta sihiri da murya, ko abokin gaba ya gano shi. Amma an ari kalmar da kowa ya riga ya san ma'anarta aka ɗora mata wata, kuma keɓaɓɓiyar kalma irin wannan ta fi rashinta haddasa musu. Maganinsa a tebur shi ne mai jan wasa ya yanke tun ranar farko cewa wanda ya fito fili gaban mai kallonsa an gan shi, a kira halin "ɓoye", a bar Invisible wa sihiri.

Kalmar level ma tana nan da tsohuwar cutarta. Matakin jarumi daga 1 zuwa 20 ne, matakin sihiri daga 0 zuwa 9, kuma ba sa tafiya tare. Fireball, dunƙulen wutar nan mai ɓarnar 8d6, sihiri ne na mataki na 3, amma boka ba ya samunsa sai ya kai mataki na 5. Kusan kowane sabon shiga sai ya yi tuntuɓe a nan, kuma shekara hamsin ba ta sa an raba sunayen ba.

Sai siffofin makamai guda takwas: Cleave, Graze, Nick, Push, Sap, Slow, Topple da Vex. Push da Slow suna faɗin kansu, ɗaya turawa ƙafa 10, ɗaya rage sauri ƙafa 10. Sap da Vex kuwa ko Bature ba zai cinko aikinsu daga sunan ba. Sap yana sa wanda aka sara ya yi harinsa na gaba da Disadvantage, Vex yana ba wanda ya yi saran Advantage a harinsa na gaba kan wannan abokin gaba. Ana yawan juya su. Abin haushi, bayaninsu yana babin kayan aiki, ba a ƙamus ɗin baya ba, inda hannu ya saba zuwa. A rubuta wa kowane ɗan wasa siffofin makamansa a ƙaramin kati, biyu ko uku ne kacal a farko, a ajiye kusa da takardar jaruminsa.

Akwai kuma yaren da 'yan wasa suka ƙago da kansu wanda ƙamus ɗin bai ɗauka ba: TPK in duk tawaga ta mutu a faɗa ɗaya, RAW in ana nufin doka yadda aka rubuta ta baƙi da fari, homebrew ga dokar da aka dafa a gida. Wannan a bakin mutane ake tsintarsa.

Ga masu son jan wasan da Hausa, labari da zancen jarumai su tafi da Hausa tsantsa, sun fi daɗi a haka. Kalmomin doka kuwa a tsayar da su tun kafin a fara. In an zaɓi "jifa biyu" a madadin Advantage, to ta zauna haka har ƙarshen wasa. Ranar da wani ya ce "fifiko", wani ya ce "dama", an koma gidan jiya. Kalma kamar goma sha biyu sun isa zaman farko: AC, DC (lambar da ake so jifa ya kai), jini, jifan kare kai, Advantage da kishiyarta, nau'o'in aiki uku da jarumi ke da su a kowane zagayen faɗa (Action, Bonus Action da Reaction), da halaye biyu ko uku kamar Prone.

Kwafi ɗaya ya wadatar da tebur guda, ba sai kowa ya saya ba, musamman in aka haɗa da kuɗin aikowa daga waje. Wanda ƙamus ɗin kawai yake so ma yana iya samunsa kyauta: kamfanin ya saki kundin dokokin wasan mai suna SRD 5.2 a watan Afrilu na 2025 ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa izinin amfani da shi, da ƙamus ɗin dokokin a ciki. A buga waɗannan shafukan, a sa su a leda saboda shayi, a ajiye a tsakiyar tebur. Cikakken littafin na wanda yake son duk rassa 48 ne, don kundin kyautar reshe ɗaya kawai ya bai wa kowane aji.