Kujera mai gyaruwa ko teburin tsayuwa: wanne ya kamata ka fara saya?

Ɗan'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Na ga tambayar da ka yi jiya: kana yin awa tara kullum a gaban laftof kana shigar da bayanai, kwankwaso ya riƙe, ƙeya da kafaɗu na zogi, kwanan nan kuma yatsun hannun dama sun fara sagewa cikin dare. Abu ɗaya za ka iya saya yanzu, ko kujerar ofis mai gyaruwa ko teburin da ake ɗagawa a yi aiki a tsaye. Na yi aiki da duka biyun, don haka bari in ajiye maka su gefe da gefe, mu bi wuraren da ke maka ciwo ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da kwankwaso, domin nan ne bambancinsu ya fi fitowa. Ƙashin baya ba miƙaƙƙe ba ne, daga ƙasa yana da ɗan lanƙwasa zuwa ciki. Idan ka daɗe a kan kujerar da ba ta tallafe wurin ba, ƙugu sai ya zame gaba, lanƙwasar ta baje, nauyin gangar jiki ya sauka a kan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa da jijiyoyin da ke ɗaure su. Ainihin aikin kujera mai kyau ke nan: tudun da ke jikin majinginarta ya cike wannan gurbin, tsayinta ya bar tafin ƙafarka ya zauna daram a ƙasa, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan, sannan a samu tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujerar da bayan gwiwa. Kuma kada ka sandare kamar an dasa ka. Kishingiɗa kaɗan, wajen digiri 100 zuwa 110 tsakanin mazaunin kujera da majingina, ta fi wa baya sauƙi. Kafin ka saya ma kana iya gwadawa: naɗe ƙaramin tawul ka cusa shi daidai inda bel ke zama. Ranar da na fara yin haka, da yamma na miƙe ba tare da dafa tebur ba, abin da na yi watanni ban yi ba.

Shi kuwa teburin tsayuwa, makon farko daɗinsa ba a magana. Baya ya huta da naɗewa, kasala ta ragu. Amma ka lura da mai tsayuwa bayan minti 40. Na sha ganin wani abokin aikina: ya tattara nauyinsa kan ƙafa ɗaya, ƙugu ya karkace, ya kafa gwiwar hannu a kan tebur ya tallafe haɓa. Ciwon bai tafi ba, wuri ya sauya, ya koma dunduniya da sha-raɓa, daga baya ya dawo kwankwason. An gudu ba a tsira ba. A 2024 masu bincike na Jami'ar Sidni a Ostireliya sun duba bayanan mutum sama da 83,000 a Birtaniya waɗanda suka ɗaura na'urar auna motsi a hannu. Ba su ga cewa yawan tsayuwa na rage haɗarin ciwon zuciya ba, sai ma suka ga wuce awa biyu a tsaye kullum na tafiya da ƙarin matsalar jijiyoyin jini na ƙafa, irin kumburarrun jijiyoyin nan da ke fitowa a ƙwauri.

Masu yabon tsayuwa kan kawo binciken Jeremy Morris na 1953 a kan ma'aikatan bas masu hawa biyu a Landan, inda aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi fiye da kwandastoci. Gaskiya ne, amma kwandastan ba a tsaye yake wuni cak ba. Hawa da sauka yake yi a matakala daga safe har dare. Motsi ne ya cece shi. Wannan ne abin da nake so ya zauna maka: jiki ba zama ya ƙi ba, ba kuma tsayuwa ba, daɗewa a hali ɗaya ya ƙi. Ko a 1713, likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya rubuta cewa magatakarda da masu kwafar takardu na fama da ciwo saboda zama ba tashi da maimaita motsin hannu iri ɗaya. Alƙalami ne ya zama kibod, cutar dai ita ce.

Sai ƙeya da kafaɗu. A nan daga kujerar har teburin babu wanda zai yi maka magani, kuma abin ya dame ni ganin ba ka kawo shi cikin lissafi ba. Laifin na laftof ne. An haɗe allonta da kibod ɗinta wuri ɗaya, don haka in hannu ya samu daidai, kai ne zai sunkuya, in kai ya samu daidai, kafaɗu ne za su ɗage. Kan babban mutum ya kai kilo 5. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa sunkuyar da kai digiri 30 na ɗora wa wuya nauyin kusan kilo 18, digiri 60 kuwa kusan kilo 27. Lissafi ne na ƙiyasi, amma duk wanda ya wuni a sunkuye ya san nauyin a ƙeyarsa. Ka ɗora laftof a kan tsadadden teburin tsayuwa, sunkuyon nan dai za ka yi a tsaye. Gyaran shi ne ka ɗaga ta a kan abin ɗora laftof na musamman ko tarin littattafai har saman allon ya yi daidai da idonka ko ya ɗan yi ƙasa, nisansa kamar tsawon hannunka, sannan ka haɗa kibod da linzami (wato maus) na daban. Idan kuɗin bai isa komai ba sai waɗannan biyun, su za ka fara saya.

Batun hannu, kusan kunnen doki suka yi. Abin nema shi ne gwiwar hannu ta rataya kusa da haƙarƙari, ta lanƙwashe kamar digiri 90 ko sama kaɗan, tsintsiyar hannu kuma ta miƙe, kada ta karye sama ko gefe. Kujera na kai ka ga haka ta hanyar ɗaga ka zuwa tsayin tebur, sai dai in ƙafa ta bar ƙasa dole ka sa mata mataki. Tebur mai hawa da sauka kuwa shi ne ke saukowa ya same ka, kuma in kai gajere ne ko dogo sosai wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Ko wanne ka zaɓa, jawo linzamin kusa da kibod, ka daina miƙa hannu can nesa, ka daina kuma danne tsintsiyar hannu a kan kaifin tebur. Ƙananan ƙafafun nan na bayan kibod, naɗe su.

Ido ba ruwansa da zama ko tsayuwa. Mai kallon allo ƙiftawarsa raguwa take yi sosai, ido ya bushe ya yi yaji. Duk minti 20 ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, kuma kada taga ta kasance daidai gabanka ko bayanka.

To wanne? Ni dai kujera zan ce, bayan kibod da linzami. Aikin shigar da bayanai na son hannu ya natsu, kuma ko ka sayi teburin, mafi yawan awa taran nan a zaune za ka yi su, a kan tsohuwar kujerar da ta riƙe maka kwankwaso. Mai kujera na iya miƙewa duk lokacin da ya so ba tare da ya sayi komai ba, mai tebur kuwa ba zai iya gyara muguwar kujera da tsayuwa ba. Teburin na da ranarsa daga baya, in dai mai saurin hawa da sauka ne. Wanda sai an yi ta juya hannu, yawanci ana barinsa wuri ɗaya bayan 'yan makonni. Alan Hedge, masanin tsara wurin aiki na Jami'ar Cornell a Amurka, ya ba da tsarin da na ga amfaninsa: cikin kowane rabin awa, minti 20 a zaune, 8 a tsaye, 2 ana tattaki. Takwas ɗin nan ana iya cike su da amsa waya ko duba takarda a tsaye. Sa ƙararrawa a waya, domin in aiki ya ɗauki hankali ba za ka tuna ba.

Sagewar yatsun nan kuwa, don Allah kada ka jira kujera ta iso. Akwai wata jijiya da ke ratsa ƙunƙuntar hanya a tsintsiyar hannu tare da igiyoyin tsoka tara, in wurin ya kumbura sai ta matsu. Alamarta ita ce sagewa ko minjirya a babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na kusa da shi, ƙaramin yatsa kuma lafiya lau, kuma ta fi tashi da dare har mutum ya farka yana yarfe hannu. Wata sa'a kuma matsalar daga wuya take gangarowa, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Yau da dare ka lura da waɗanne yatsu ne, ka rubuta, ka kai wa likita cikin makon nan. In ka ga kofi na suɓuce maka, ko sa maɓallin riga na gagararka, ko tsokar gindin babban yatsa ta fara lotsawa, ka tafi gobe da safe.